Jan Garehul a Tsakar Gida: Kada Ku Binne Masa Wuya

Garehul ɗin farko da na dasa a gidana ya mutu yana da shekara biyu da 'yan watanni, alhali ban taɓa barin sa da ƙishirwa ko ta yini ɗaya ba. Kullum safiya sai na juye masa bokiti a gindi. Ruwan alwala can yake gangarawa, na wanke-wanke ma haka. Da na ga saiwoyinsa sun ɗan leƙo waje, sai na tara masa ƙasa har ta rufe wani ƙulli da ke ƙasan karansa, a ganina gata na yi masa. Wata rana cikin watan Agusta na sunkuya, na ga ɓawon gindin ya tsage, wani ƙaro mai launin zuma yana tsattsafowa. Kafin kaka ta wuce ganye ya yi rawaya ya zube. Da hannuna na tuge shi, na daɗe ina duban saiwoyin da suka ruɓe, raina a ɓace, domin na so itacen nan ƙwarai.

Ƙannena maza da mata, na fara da wannan labari ne domin in sauke muku asarar shekara biyun da na yi. A iyakar abin da idona ya gani, itacen lemu a tsakar gida ya fi mutuwa a hannun mai son sa fiye da hannun mai sakaci. A gona fari ne da wutar daji suke kashe shi. A gida kuwa ruwa ne, da ƙasar da ake tara masa a wuya, da gaggawar mai gida ya ga ɗa. Idan kun ji wannan kun riƙe, sauran bayanin mai sauƙi ne.

Ku fara sanin wane ne wannan baƙo. Garehul a tsibirin Babados aka fara ganin sa, a yankin Karibiyan, inda lemun zaƙi ya haɗu da wani ƙaton lemu na kudu maso gabashin Asiya suka haifar da shi ba tare da sa hannun kowa ba. An fara bayaninsa a rubuce a shekarar 1750. A 1823 aka kai shi Fulorida a Amurka. Duk wancan zamani cikinsa fari ne, daga baya aka sami mai ruwan hoda. Sai a 1929, a kwarin kogin Riyo Girande da ke kudancin jihar Teksas, aka tarar da wani reshe guda a jikin bishiyar mai ruwan hoda yana fitar da 'ya'ya masu jan ciki. Reshe ɗaya tak. Daga idanun wannan reshe aka yi ta aure har aka sami irin da ake kira Ruby Red. Daga baya wani masanin lemu mai suna Richard Hensz, a cibiyar binciken lemu ta garin Weslako, ya fitar da Star Ruby a 1970, sannan Rio Red a 1984, dukansu sun fi na farko ja. Ina son wannan tarihi saboda abu ɗaya: ba don wani ya riƙa zagaya gonarsa yana duba reshe-reshe ba, da jan garehul ya zo ya wuce ba wanda ya sani.

Jan da ke cikinsa daga wani sinadari ne mai suna laikofin, shi ne dai wanda ya sa tumatir da kankana suka yi ja. Kuma abin da zai faranta muku rai, a duk dangin lemu garehul na cikin waɗanda suka fi son zafi. A ƙasashe masu sanyi ɗansa kan shekara a bishiya, wani lokaci har ya zarce, ya kuma fito da tsami da kaurin ɓawo. A wurinmu cikin wata bakwai zuwa tara ya nuna, ga ruwa ga zaƙi. Wanda ya san lambunan Timiya da ke cikin duwatsun Azbin a jihar Agadas ya san garehul na yi a tsakiyar hamada muddin akwai rijiya. A Sudan ma tsohon amfanin lambu ne. Rana dai Allah ya ba mu ita a wadace, abin da ya rage namu ne.

Kada ku shuka ƙwallo. Na san akwai daɗi mutum ya ce wannan bishiya daga ƙwayar da na tofar ta fito, amma itacen ƙwallo kan ɗauki shekara bakwai zuwa goma kafin ya yi fure, ga ƙaya kamar ta aduwa, ga tsawon da ba gaira ba dalili. Ɗan aure ake nema, yadda kuka sani a mangwaro. Ana samun gindin wani lemu mai juriya, a tsaga ɓawonsa, a cusa idon jan garehul a ɗaure, idan ya kama sai a datse kan gindin a bar idon ya zama bishiya. Irin wannan cikin shekara uku zuwa huɗu yake fara haihuwa. Idan kun je saye, ku durƙusa ku nemi wurin auren da idonku: wani ɗan ƙulli ne ko lanƙwasa a kara, kamar taƙi ɗaya ko fiye daga bakin leda. Wanda ba shi da wannan ƙulli, ko me mai sayarwa ya rantse da shi, ku ajiye masa abinsa. Ku ɗaga ledar ku duba ƙasanta. Idan saiwa ta huda ta ta kama ƙasa, ko ta nannaɗe a ciki kamar gammo, dashen ya tsufa a leda, zai daɗe yana jinya. Ƙarami mai koren ganye shar ya fi dogo mai ganye rawaya.

Matsalar ita ce a ganye ba a bambance ja da fari. Dole sai an yarda da mutum. Don haka ku sayi naku a wurin wanda zai iya nuna muku uwar bishiyar da ya ciro ido a jikinta, ko ku tuntuɓi malaman gona. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wato NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano da kuma Dadin Kowa ta jihar Gombe, kuma irin wannan tambaya aikinsu ne. In an ba ku zaɓi, ni Rio Red nake ba mai farawa shawara. Star Ruby ya fi ja, gaskiya ne, amma ɗan lele ne: rana na ƙona masa ganye, ruwa kaɗan ya yi yawa gindinsa ya ruɓe. Ku bar shi sai hannunku ya faɗa.

Garehul babbar bishiya ce, ta fi lemun zaƙi faɗi. Ku ba ta wurin da rana ke dukan sa tun daga hantsi har la'asar, ku nisanta ta da katanga da ramin masai da aƙalla mita uku zuwa huɗu, idan biyu ne kuma ku bar mita bakwai a tsakaninsu. Kada a dasa ta ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, za su cinye mata rana a sama su sha mata ruwa a ƙasa. Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, wajen watan Yuni zuwa farkon Yuli, domin ta sami wata uku na ruwan sama kafin ta haɗu da hunturu.

Yanzu mun zo kan maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kafin ku dasa, ku haƙa ramin ku cika shi da ruwa da yamma. Idan gari ya waye ruwan na nan kwance, ƙasar gidanku laka ce mai riƙe ruwa, sai ku tara tudu mai faɗi, tsayinsa kamar kamu ɗaya, ku dasa a kansa. Idan jigawa ce ruwan ya tsotse, kun huta. Ramin ya yi faɗin leda sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce tsawon ledar. Mutane sun saba da cewa rami mai zurfi shi ne gata, su zuba ɗanyen taki a ciki, su dasa. Bayan wata biyu takin ya ruɓe ya lotsa, itacen ya nutse, wurin auren ya koma cikin ƙasa. Shi ke nan an ɗaura masa ajali. Dalili kuwa, akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa ne ke ɗaukar ta. Gindin da aka yi auren a kansa yana iya jure mata gwargwado, shi ya sa ma aka zaɓe shi. Ɓawon garehul kuwa ba ya iyawa. Da zarar ƙasa mai laima ta taɓa shi, sai cutar ta shiga, ɓawo ya tsage ya fara zubar da ƙaro, ta yi ta zagaya karan har ta haɗe, abinci ya daina sauka ga saiwa. Abin da ya kashe nawa ke nan. Saboda haka ku yanke ledar a hankali kada dunƙulen ƙasar ya watse, ku ajiye shi yadda samansa zai yi daidai da doron ƙasa ko ya ɗan ɗara, ku mayar da ƙasar da kuka haƙo, ku danna da hannu, ku ba shi ruwa. Ƙullin auren ya tsaya a sarari, iska na kaɗa shi, har iyakar rayuwar bishiyar. Ko bayan shekara goma wani ya zo da fartanya zai yi mata huɗa kamar dawa, ku riƙe masa hannu.

Idan kuma ƙaddara ta sa kun ga ƙaron ya ɓullo, kada ku yanke ƙauna. Ku janye ƙasa daga gindin, ku sa wuƙa mai tsabta ku kankare ɓawon da ya yi baƙi har ku iske lafiyayye, ku shafa maganin cutar tsirrai mai sinadarin jan ƙarfe da ake sayarwa a shagunan kayan gona, ku bar wurin ya sha iska. Wanda aka kama da wuri yakan warke.

Ban-ruwa shi ma a kan wuyan nan yake juyawa. Bishiya ba da kara take sha ba. Saiwoyin da ke tsotsar ruwa sirara ne kamar zare, suna kusa da saman ƙasa, sun bazu har ƙarshen inuwar rassa. Don haka ku yi da'ira biyu: ƙaramar kunya kewaye da kara, wadda za ta hana ruwa taɓa shi, da babba a waje, ku riƙa zuba ruwa a tsakaninsu. Kowace shekara ku faɗaɗa ta waje yadda rassa suka faɗaɗa. Kuma a ƙoshi sau ɗaya ya fi a lasa kullum. Ni da rani bokiti biyu zuwa uku nake ba ƙaramin itace, sau biyu a mako, in bazara ta tsananta a Afrilu in ƙara sau ɗaya. Babbar bishiya kuwa a jiƙa ta sosai sau ɗaya a mako ya wadatar a yawancin ƙasa. Amma kada ku riƙe lissafina kamar karatu, ku tura yatsa cikin ƙasa: in da danshi ku dakata, in ta bushe ku zuba. Ganyen da ya naɗe da rana tsaka ya buɗe da yamma ba komai. Wanda ya kwana a naɗe, ƙishirwa ce.

Ruwan wanki da na wanke-wanke, don Allah ku nema musu wata hanya. Lemu ba ya shiri da gishiri ko kaɗan, omo kuwa cike yake da shi. Za ku ga bakin ganye ya ƙone kamar an kara masa wuta, ku ɗauka rana ce. Na san wahalar ruwa a garuruwanmu, na san jarka da kuɗi ake sayen ta. Shi ya sa nake cewa ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ganye a cikin da'irar, domin yana rage ƙafewar ruwa ƙwarai. Sai dai ku bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da kara, ku kuma riƙa ɗaga shi kuna dubawa saboda gara. Toka na taimakawa wajen korar ta, amma a barbaɗa kaɗan, yawanta na sa ganye ya ɗashe.

Maganar taki gajera ce. Ruɓaɓɓen takin dabbobi wanda ya shekara, a watsa a saman ƙasa ƙarƙashin rassa a farkon damina. Na zamani, irin NPK 15-15-15, kada a sa sai itacen ya fitar da sabon toho. A shekarar farko rabin gwangwanin madara nake sawa, in yi haka sau uku cikin damina, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan duk shekara. Yawan yuriya na kawo ganye mai kyaun gani da 'ya'ya masu kaurin ɓawo marasa daɗi. In kun ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ko zinki, akwai takin feshi na ganye da ke gyara shi. Ciyawar gindi da hannu ake cire ta, fartanya na yanke saiwa.

Akwai ɓarawon da ke fitowa daga jikin bishiyar kanta. Gindin da aka yi aure a kansa bai manta da asalinsa ba, lokaci-lokaci sai ya turo toho daga ƙasan ƙullin, mai ƙarfi, mai ƙaya, mai saurin girma. Wanda bai sani ba sai ya yi murna itacensa na bunƙasa. Bayan shekara uku ya tsinki wani lemu mai tsami da kaushi, ya ce an cuce shi a kasuwa, alhali shi ya bar gindi ya shanye amarya. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure, ku murje shi da yatsa tun yana ɗanye. Ban da wannan da busassun rassa, garehul ba ya son yawan aski. Ku bar masa rassansa na ƙasa su yi masa bante, suna kare kara daga rana, kuma 'ya'yan da suka girma a cikin inuwar ganye sun fi ja. Ƙaramin da bai yi ganyen kare kansa ba, a shafa wa karansa farar ƙasa kafin bazara. Akuya kuwa ba sai na faɗa ba: ranar dashe ranar shinge.

Ga inda na fi jiye muku tsoro, domin a nan ne ƙuruciya ke cin mutum. Wata safiya a shekara ta biyu za ku fito ku ji tsakar gida ta gume da ƙamshi, ku tarar da fararen furanni, bayan mako biyu ga 'yan ƙananan 'ya'ya kamar ƙwallon magarya. Zuciya za ta ce a bar su, a ɗauki hoto, a nuna wa abokai. Ku tsinke su. Na san da ciwo, ni ma sai da na juya baya na ce wa ɗana ya yi. Amma ɗan garehul guda na iya kai rabin kilo, itacen da karansa bai fi babban yatsa ba idan ya ɗauki biyar, duk ƙarfin da zai gina saiwa da rassa can zai tafi, ya tsumbure, wani reshen ma ya karye. Shekara biyun farko na gina jiki ne. A ta uku ku bar kaɗan ku ɗanɗana. Daga ta biyar zuwa sama za ku ga abin da ake nufi da haihuwa, 'ya'ya cunkus a reshe guda kamar nonon inabi, har sai kun tokare da gwafa. Kuma idan babbar bishiya ta zubar da yawancin furanninta da ƙananan 'ya'ya, kada hankalinku ya tashi, ɗabi'arta ce ta rage abin da ba za ta iya goyo ba. Naku dai kada ruwa ya yanke mata a wannan lokaci, domin ƙishirwa mai tsawo da ruwa mai yawa a bayanta su ke sa ɗa ya fashe a sama.

Ƙwari na zuwa, yawanci kan sabon toho. Akwai tsutsar da ke bi ta cikin ganye tana barin zane kamar sawun maciji, akwai darɓa da ke sa ganye ya yi baƙi kamar an shafa kunkunniya, akwai tsutsar malam-buɗe-littafi mai kama da kashin tsuntsu, wadda kan iya cinye ganyen ƙaramin itace cikin kwana kaɗan. Ita wannan da hannu ake tsince ta. Sauran kuma jiƙaƙƙen dakakken 'ya'yan darbejiya, a tace a fesa da yamma, yana rage su. In kun ga tururuwa na hawa da sauka, ku bi ta, za ta kai ku inda darɓar take. Ɗan da ya faɗo da kansa kada a bar shi a ƙasa, sau da yawa akwai tsutsar ƙuda a ciki. A ƙulle shi a baƙar leda a ajiye a rana, ko a binne da zurfi.

Wajen tsinka kada launi ya ruɗe ku. Lemu na yin rawaya ne idan dare ya yi sanyi, don haka a ƙasarmu garehul na iya nuna sarai ɓawonsa na kore-kore, da ɗan ja a kumatu. Ku ɗauka a tafin hannu: mai nauyi, mai santsin fata, shi ne mai ruwa. Ku yanka ɗaya ku ɗanɗana. Ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi yadda mangwaro ko ayaba ke yi, amma yana iya zama a bishiya makonni yana ƙara daɗi, sai ku riƙa cirewa daidai bukata. Ɗacin da wasu ke ƙi yawancinsa a farin ɓargon ciki yake da fatar da ta raba ɓangarori. A ɓare su a bar jan tsokar zalla, a sa a randa ko firji ya yi sanyi. Wanda ya yi buɗa-baki da shi a azumin bazara ba zai manta ba.

Saura abu ɗaya, kuma ina roƙon ku kada ku ɗauke shi da wasa, domin na san ku: kwandon farko wurin iyaye da kakanni za ku kai shi. A 1989 wani mai binciken magunguna a Kanada, David Bailey, ya gano cewa ruwan garehul na hana hanji sarrafa wasu magunguna, sai maganin ya taru a jini fiye da yadda likita ya nufa, ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu ko fiye. Cikinsu akwai wasu na hawan jini irin su nifedifin da felodifin, da wasu na rage kitsen jini irin su simbastatin da atobastatin, da waɗansu da dama. Kofi ɗaya ya isa, kuma tasirinsa kan wuce yini guda, saboda haka raba lokacin sha, a ce garehul da safe magani da dare, ba ya warware matsalar. Ja da fari duk ɗaya ne a nan. Kafin ku miƙa wa Baba ko Hajiya, ku tambaya ko suna shan magani kullum. In suna sha, ku ɗauki kwalin ku kai wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna ya duba sunan. In ya ce babu laifi, ku ɓare musu da hannunku. In ya ce a'a, ku kai musu lemun zaƙi, garehul ɗin kuma a raba wa maƙwabta.